Makon da Anti Ƙararrawa Ta Kame Bakinta

A hawa na uku na ginin wani kamfanin rarraba magunguna akwai ɗaki mai tebur uku, da taga guda, da wani babban allo maƙale a bango. Shekara goma sha ɗaya matar da ake kira Anti Ƙararrawa ta yi tana zama a teburin da ke fuskantar allon nan, har ƙafafun kujerarta suka yi wa daɓen ɗakin zane. Ba shugaba ba ce a kamfanin, kuma yawancin direbobi da ma'aikatan sito ba su san fuskarta ba. Amma idan aikinta ya tsaya na rabin sa'a, kowa a ginin yakan sani.

Kamfanin yana kai magani ga kantuna da ƙananan asibitoci kusan ɗari shida. Mai kanti zai buɗe manhaja a wayarsa ya zaɓi abin da ya ƙare masa, oda ta faɗo wa mutanen sito su haɗa kaya, direba ya ga hanyarsa a tasa wayar. Duk wannan yana gudana ne a kan wasu injinan kwamfuta da babu wanda ya taɓa gani da ido a kamfanin, domin suna can wata babbar cibiya mai nisa, ta intanet ake ba su umarni. Masu sana'ar suna kiran wannan tsari girgije. Aikin Anti shi ne tsaron waɗannan injina: ta san wanda ya yi nauyi, da wanda wurin ajiyarsa ya kusa cika, da wanda ya fara amsawa a makare. Allon bango yana nuna lafiyarsu da launi, kore ko ruwan ɗorawa ko ja, kuma idan abu ya wuce iyaka saƙon gargaɗi yakan faɗo a waya.

Ita ce babba a cikin 'ya'ya huɗu. Mahaifinta ya yi shekara talatin yana kula da injinan turo ruwa a gidan ruwa na garinsu, kuma a lokacin hutun makaranta ita ke kai masa abincin rana. A can ta fara ganin mutum yana zaune gaban allurai yana karanta abin da bai faru ba tukuna. Ta yi karatun lissafi a jami'a, ta koyar shekara biyu, sannan ta koma ta koyi aikin kwamfuta. Lokacin da kamfanin ya ɗauke ta, injinansa shida ne a wani ɗaki mai sanyi kusa da matakala, ita ke share musu ƙura, ita ke canza abin da ya ƙone. A shekararta ta biyar aka yanke shawarar komawa girgije, ita ce kuma ta kwashe komai cikin wata huɗu ba tare da oda ɗaya ta ɓata ba. Da ta zo tsara saƙonnin gargaɗi, babu kowa a sashen sai ita, saboda haka lambar wayarta ta sa a ko'ina. Wayar ta riƙa kuka a wurin taro, da kan teburin cin abinci, da layin ganin likita, har sunan Ƙararrawa ya bi ta. Mijinta, wanda malamin makaranta ne, yakan gaya wa 'ya'yansu biyu cewa su huɗu ne a gidan amma biyar ke cin abinci.

Daga baya an ƙaro mata mutum biyu. Ɗaya dogon mutum ne mai saurin hannu wanda bakinsa ba ya hutawa, shi ya sa ake ce masa Rediyo. Ɗayar mace ce mai ƙarancin magana, ba ta cewa komai sai ta ji ta bakin kowa, sai aka sa mata Alƙaliya. Dukansu sun iya aiki. Sai dai duk abin da ya taso, kafin su gama tunani Anti ta riga ta gyara, su ma suka saba da juyowa su tambaye ta. Ba mugunta ba ce ta sa ta riƙe komai. Gyarawa ta fi mata sauƙi a kan bayani, shekaru kuma suka yi ta tafiya a haka.

A shekarar da ta cika arba'in da huɗu, ƙugun mahaifinta ya ƙi. Likitoci suka ce sai an yi masa aiki a wani babban asibiti mai tafiyar yini guda, kuma bayan aikin zai zauna a can mako biyar yana koyon tafiya, da wani nasa a gefensa. An ba su rana, saura mako huɗu, aka kuma gaya musu cewa idan ta wuce su, sai bayan wata bakwai. Mahaifiyarsu ta rasu da daɗewa. Ƙanenta yana aiki a wata ƙasa, ƙanwarta na fama da tagwaye 'yan wata uku, autansu kuma soja ne, ba shi ke da ikon ƙafarsa ba.

Ta sami tsohon a kujerarsa ta bakin ƙofa, ya miƙe ƙafar a kan matashi.

"Baba, ni zan tafi da kai," in ji ta.

Ya dube ta, ya dubi wayar da ke hannunta. "Uwata, ke da wannan abar za ku tafi da ni, ko ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

"To. Ni dai ban taɓa ganinki ke kaɗai ba tun da kika kama aikin nan. Kada ki damu kanki, wata bakwai ba shekara bakwai ba ne. Kujerar nan ta san ni, na san ta."

Ta lura da yadda ya cije leɓe sa'ad da yake gyara zama, ta san ƙarya yake yi don ya sauƙaƙa mata.

Manajan sashen mutum ne mai adalci, amma ba ya mantuwa. Da ta kai masa takardar neman hutu, ya tuna mata abin da ya faru shekara biyu baya, lokacin da ta ɗauki kwana uku kacal: manhajar oda ta tsaya rabin yini, ta gyara ta tana tsugune a tashar mota da kwamfuta a kan gwiwa.

"Anti, ba na ƙi ba ne," ya ce. "Kwana uku muka kasa. Yanzu kina cewa mako biyar. Idan na sa hannu aka sami matsala, me zan gaya wa na sama? Mako ɗaya zan iya, sauran sai mun ɗauki wani mun horar da shi."

Ita ce ta kawo shawarar da ta zama sharaɗi. Ta ce a ba ta kwana goma ta rubuta duk abin da ta sani. Daga nan za ta zo aiki mako guda cur, Litinin zuwa Juma'a, ta zauna a kujerarta kamar ba ta nan: ba za ta yi magana ba, ba za ta taɓa kwamfuta ba, wayar aikinta kuma za ta kwana a aljihun teburinsa. Idan oda ba ta tsaya ba, ita kuma ba ta buɗe baki ba, ya sa mata hannu a kan mako biyar. Idan ta yi magana, ta yarda da mako ɗaya.

Manaja ya yi dariya. "Ke? Kwana biyar ba magana? Na yarda, ko don in ga abin da ban taɓa gani ba."

Ta rubuta shafi sittin. Ta bi injinan ɗaya bayan ɗaya, ta faɗi aikin kowanne, da irin ciwon da ya saba yi, da maganinsa. Ta ƙara lambobin Rediyo da Alƙaliya a kan duk gargaɗin da ta tuna. Ranar Litinin ɗin gwaji ta miƙa wayarta, ta zauna da littafin rubutu da biro, Rediyo kuma ya kafa wani kwali a kan teburinta da ya rubuta wa BA TA NAN da manyan baƙaƙe.

Kwana biyun farko sun fi kama da wasa. Rediyo ya riƙa yi wa kujerarta magana kamar babu kowa a kai.

"Allah sarki Anti," yakan ce, yana girgiza kai. "Da tana nan da ta gaya mana dalilin da injin direbobi ke tari. Mace mai kirki. Sai dai rowar kalmar sirri."

"Shafi na sha tara," in ji Alƙaliya, ba ta ko ɗago kai ba.

"Ke kuma tun da Anti ta tafi kika zama lauya. Wa ya naɗa ki?"

"Karatu."

Anti ta riƙa danne dariya tana rubuta duk tambayar da suka yi wa juna, domin ta san inda bayaninta ya gaza. Sau biyu injin ya nuna ruwan ɗorawa, sau biyu suka mayar da shi kore, a hankali fiye da yadda za ta yi, amma sun mayar. Da yammacin Talata ta koma gida da sauƙin zuciya, har ta sa mijinta ya sauko mata da babbar jakar tafiya daga saman kabad.

Ranar Laraba ce ranar da oda ta fi yawa, domin motocin garuruwa masu nisa suna tashi da safiyar Alhamis, kuma ƙarfe biyu na rana ake rufe karɓar odarsu. Da misalin goma saura minti ashirin, idon Anti ya sauka a kusurwar allon ta ƙasa, inda wata ƙaramar lamba mai launin toka take zaune. Tamanin da takwas.

Lambar tana nuna yadda wurin ajiya ya cika a kan injin da ke riƙe da oda. Wannan injin yana rubuta wa kansa rahoton duk motsin da ya yi, rahotannin kuma suna taruwa kamar shara a lungu. Shekara shida ke nan, kowace Litinin da safe, kafin ta zuba ruwan shayi, yatsunta ke shiga su share tsofaffin. Abin ba ya kai minti ɗaya. Ba ta sa shi a shafi sittin ɗin ba, domin ba ta taɓa lissafa shi a cikin aiki ba, kamar yadda mutum ba ya lissafa ɗaura igiyar takalmi a cikin tafiya. Wannan Litinin kuwa hannunta na kan cinya. Idan lambar ta kai ɗari, injin zai daina karɓar oda ɗungurungum. Akwai gargaɗin da ta sa tun zamanin ƙaura zuwa girgije, wanda ke tashi a tamanin da biyar, amma waya ɗaya tak yake zuwa, ita ce kuma ke kulle a aljihun teburin Manaja. Lambar ba ta canza launi, domin ba ta taɓa ganin dalilin sa mata launi ba.

Ta duba agogo, ta jira. Bayan minti ashirin lambar ta zama tamanin da tara. Lissafin bai yi mata wuya ba: wajen biyu saura minti ashirin komai zai tsaya, daidai lokacin da masu kantunan nesa ke rige-rigen shigar da oda kafin a rufe.

Rediyo yana kan waya da wani direba da manhajarsa ta ƙi buɗewa. Alƙaliya tana buɗe wa sababbin ma'aikatan sito hanyar shiga. Babu wanda ya dubi kusurwar, kuma babu dalilin da zai sa su duba, tun da allon kore ne shar daga sama har ƙasa.

Dabaru sun zo mata kala-kala. Tana iya yin tari ta ƙura wa kusurwar ido har Alƙaliya ta bi kallonta. Tana iya barin littafinta a buɗe ta fita shan ruwa. Babu wanda zai ce ta yi magana. Amma ta ga inda wannan hanya za ta ƙare: za a sa mata hannu, ta tafi, wata Larabar kuma wani abin da ta manta ya taso tana tsaye a ƙofar ɗakin tiyata, ba mai tari a ɗakin. Tana kuma iya yin shiru ta bar abin ya faɗi. To amma odar da ke shigowa ba takalma ba ne. Ta san akwai allurar masu ciwon sukari a ciki, da ruwan ƙarin jini, da maganin zazzaɓin yara, kuma garin da motarsa ta tashi babu kaya sai wani makon. Idan kuwa ta buɗe baki ta gaya musu, sharaɗin da ita da kanta ta kawo ya karye, mahaifinta ya koma kujerarsa ta bakin ƙofa har wata bakwai.

Ta zauna da wannan har sha ɗaya da rabi, tana fatan ɗayansu ya ɗaga kai. Lambar ta kai casa'in da uku. Sai ta rufe littafinta, ta tashi, ta nufi ofishin Manaja.

"A'a," ya ce da ya gan ta. "Wadda ba ta nan ce da kanta?"

"Yallaɓai, magana zan yi, na kuma san abin da hakan ke nufi." Ta zayyana masa komai ba tare da ta rage laifinta ba: abin da ta manta, da inda lambar take, da lokacin da ya rage. "Ban gaya musu ba. Kai ne mai sashen, kai za ka ce in gyara ko in gaya musu. Amma ba zan zauna ina kallo motoci su tashi babu kaya ba."

Ya juya biro a hannunsa. "Kin ce akwai gargaɗi. Ina ya tafi?"

Ta nuna aljihun teburinsa da haɓa.

Ya jawo shi. Fuskar wayar cike take da saƙonni, sha huɗu a jere, duk magana ɗaya. Ya shafa ƙeya. "Ni na kashe mata murya tun Litinin da hantsi. Ta hana ni sakat." Ya ajiye wayar a kan tebur. "Kenan injin ya yi kira, mu ne muka kulle kiran a aljihu. Idan suka ga wannan, za su iya?"

"Ban sani ba, yallaɓai. Ba ya cikin abin da na rubuta."

"Awa nawa kika ce?"

"Biyu. Ni minti ɗaya ya ishe ni."

"To, koma kujerarki. Idan ta kai casa'in da takwas, ki tashi ki gyara. Kafin nan, har yanzu ba kya nan."

Ya bi ta har ɗakin, ya ajiye wayar a gaban Rediyo. "Wayar Anti ce ta cika da saƙonni a aljihun teburina. Ku duba ko wani abu ne." Ya ja kujera ya zauna a bakin ƙofa.

Rediyo ya karanta, ya dubi kusurwar allon, ya miƙe tsaye. "Innalillahi! Casa'in da huɗu! Tun yaushe wannan abar take nan? Alƙaliya, shafi na nawa?"

Ta bi takardun da yatsa, gaba da baya. "Babu."

"Kamar ya babu? Shafi sittin fa! Har yadda ake kunna fanka ta rubuta!" Ya zauna, yatsunsa suka hau gudu. Ya buɗe injin, ya jera abin da ke ciki daga babba zuwa ƙarami. "Ga shi nan. Wannan na saman shi ya cinye rabin wurin. In share shi mu huta."

Anti tana hango fuskar kwamfutarsa daga inda take. Abin da ya nuna ba rahotanni ba ne. Odar kamfanin ce kanta, ta shekara shida. Akwai kwafinta a ajiye a wani wuri, amma dawo da ita zai ci yini guda. Ta dunƙule hannu har farcenta ya shiga tafinta, ta buɗe baki, numfashin maganar ya riga ya taso.

"Ɗauke hannunka," in ji Alƙaliya. Ba ta ɗaga murya ba, amma hannun Rediyo ya tsaya a sama. "Ka san mene ne?"

"Na san ƙato ne."

"Kai ma ƙato ne, ba a share ka ba. Ba ma goge abin da ba mu san sunansa ba."

"To mu zauna mu yi masa addu'a? Casa'in da biyar!"

"Wa ya ce sai an share? Ɗaki ya cika, a ƙara masa faɗi tukuna, sannan a duba kayan a natse." Ta juya wajen Manaja. "Yallaɓai, ina neman izini in ninka wurin ajiyar. Ba sai an kashe injin ba."

Manaja ya saci kallon Anti. Ita kuwa ta kafe idonta a kan tagar. "Na ba ki," ya ce.

Minti goma sha biyu aikin ya ɗauka, domin Alƙaliya sai da ta karanta kowane mataki sau biyu, Rediyo yana tsaye a kanta yana kiran lambar kamar mai sanar da sakamakon wasa. Ta kai casa'in da shida. Sannan allon ya ƙifta, ta koma arba'in da takwas.

"Allahu akbar!" Rediyo ya faɗa kan kujera. "Ni dama abin da zan ce ke nan, kika riga ni."

"Na ji ka kana shirin cewa."

Da hankalinsu ya kwanta suka bi kayan ɗaya bayan ɗaya, suka gano tarin rahotannin. Rediyo ne ya lura da kwanan watansu: babu wanda ya wuce kwana tara. "Wani yana share su da hannu," ya ce a hankali, ya juyo ya dubi kwalin da ke kan teburinta. "Wata baiwar Allah da ba ta nan." Cikin rabin sa'a ya rubuta wa injin umarnin da zai riƙa zubar da tsofaffin da kansa kowace safiya, Alƙaliya kuma ta sa wa lambar launi, ta tura gargaɗin ga wayoyinsu duka.

Anti ta zauna tana kallo, kunya da daɗi suna kokawa a ƙirjinta. Ta san ana iya faɗaɗa wuri a girgije, ita ma ta sha yi. Ta san ana iya sa inji ya share wa kansa. Amma wannan ɗabi'a ta taso da ita ne tun daga ɗakin sanyi na kusa da matakala, inda ƙarin wuri ke nufin jiran sabon ƙarfe da kwance noti, ta kuma shigo da ita sabon zamani ba ta taɓa tsayawa ta tambaye ta ba. Ƙarfe biyu aka rufe oda, ba ko ɗaya da ta maƙale.

Da la'asar Manaja ya kira su duka uku. Bai yi kwana-kwana ba.

"Sharaɗi ya karye. Anti ta yi magana, ba zan ce ba ta yi ba." Rediyo ya buɗe baki, Alƙaliya ta taka masa ƙafa. "Amma na yi tunani. Abin da nake tsoro shi ne ku biyun ba za ku iya ba. Yau na ga kun iya, da abin da ba a rubuta muku ba ma. Abin da ya kamata in ji tsoro shi ne hannun Anti, da ke yin aikin da ita kanta ba ta san tana yi ba. Nawa ne irinsa?"

"Wallahi ban sani ba, yallaɓai," ta ce. "Da na sani da na rubuta."

Alƙaliya ce ta kawo mafita. Ta ce tun da Anti ba ta ganin hannunta, sai wani ya gani mata. Aka ƙarasa makon shirun yadda aka tsara. Litinin da ta biyo baya Anti ta yi aikinta kamar kullum, Alƙaliya na zaune a bayan kafaɗarta da biro, duk motsin da ta yi sai ta ce, "Tsaya. Me kika yi yanzu?" Sau da yawa amsar ita ce, "Ba komai," sai an matsa sannan ya zama wani abu. Kafin Talata ta ƙare sun tsinci guda bakwai. Huɗu aka ɗora wa injina su riƙa yi da kansu, biyu aka rubuta, ɗaya kuma aka gano cewa injin da ake yi dominsa an daina amfani da shi shekara uku da suka wuce. Rediyo ya yi kwana biyu yana ba da wannan labari a kowane hawa na ginin. Aka ƙara mata kwana uku na shiru, suka wuce lami lafiya. Ranar Juma'a Manaja ya sa hannu a kan mako biyar, saura kwana biyu tafiya.

Abin da ya biyo baya a sashen sananne ne ga waɗanda suka yi aiki a can. Makon shiru ya zama ƙa'ida, kowa yana yin nasa sau ɗaya a shekara, har Manaja. An ce na Rediyo ne ya fi ba da wahala, domin sai da aka riƙa fitar da shi baranda ya yi magana da iska ya dawo. A mako biyar ɗin da Anti ta yi a asibiti, sau biyu allon ya nuna ja, sau biyu aka gyara, ita kuma ba ta ji labari ba sai bayan ta dawo.

Aikin tsohon ya yi kyau. A rana ta tara mai koyar da tafiya ta ɗaura masa wani faffaɗan ɗamara a ƙugu, ta ba shi ƙarfen dogarawa mai ƙafa huɗu, ta nuna wa Anti inda za ta riƙe ta baya. Dogon barandar asibitin yana da taga a ƙarshensa, kimanin taku ashirin daga ƙofar ɗakinsu.

"Kada ki ɗauke shi," in ji matar. "Ki riƙe kawai. Shi zai yi tafiyar."

Ya ɗaga ƙafar, ya ajiye, ya tsaya yana haki. Anti ta ji nauyinsa yana rawa a cikin ɗamarar, hannunta yana son ya ɗage shi sama, ta hana shi.

"Uwata, kina nan?"

"Ina nan, Baba."

"To daina numfashi a wuyana, kina ruɗa mini lissafi. Nawa muka yi?"

"Uku."

"Huɗu. Ba ki ƙirga na farkon ba."

"Na farkon ja ka yi, ba taku ba ne."

"Ji mini yarinya. Ni da ƙafata, ke da hukunci." Ya sake ɗaga ƙarfen ya tura gaba. A taku na sha ɗaya ya ce ya gaji, aka kawo masa kujera ya zauna a tsakiyar baranda, zufa na bin goshinsa, yana murmushi yana auna sauran tazarar da ido.

"Gobe sai taga," ya ce.

"Jibi ma ya yi, Baba. Muna da lokaci."